Tafiya Damagaram neman fumfunar ruwan jima

Da hunturun da ya wuce na je Damagaram. Aikina koyar da ilimin ƙananan halittu, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, a wata makarantar gaba da sakandare a nan Kano. Na daɗe ina son in ɗebo tsohon ruwan jima da 'ya'yan bagaruwa daga inda har yanzu ake jeme fata irin ta kaka da kakanni. Wani abokina ɗan unguwar Birni, wanda muka yi karatu tare a Zariya, yanzu yana koyarwa a can garinsu, ya ce in zo kawai, yana da kawu a majema.

Bayan sallar asuba na isa tashar Ƙofar Ruwa da jakar kaya da ƙaramar kula mai cike da kwalabe da na dafa na rufe. Motar ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Mu huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba, but kuma an danne shi da katan-katan na taliya da robobi har ba ya rufuwa sai da igiya. Kazaure da Daura muka wuce ba wani labari, in ban da tsaye-tsayen shinge da direba ya san yadda yake sallamarsu.

A Kongolam, bakin iyaka, na yi canjin kuɗi. Duk wanda ya daɗe bai tsallaka ba sai ya ji wani iri a wurin nan, don na miƙa damin naira mai kauri aka maido mini 'yan takardun sefa da na ninke na sa a aljihun gaba ba tare da ya ko tasa ba. Ɗan Barto, ɓangaren Nijar, kowa sauka yake. Aka karɓi katunanmu, muka zauna a benci ƙarƙashin rumfa, jami'i yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya yana duban fuska. Wanda ba shi da takarda sai a ja shi gefe, direba ya bi shi yana ban baki. Mun daɗe, amma ba hayaniya, ba zagi.

Daga nan zuwa Matamaye ƙasar irin ta Daura ce, sai dai gawo ya fi yawa a gonaki. A Matamaye da Kance rake ne ko'ina, an jingina shi a bakin hanya kamar za a yi shinge da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gonakin: an share su ƙal. Karan gero da na dawa duk an ɗaure dami-dami an jera a kan bishiyoyi da rufin ɗakuna, harawa kuma an naɗe ta an rataye inda akuya ba za ta kai ba. Wani dattijo mai fataucin awaki da muke matse da juna ya ga ina ta leƙe, ya tambaye ni abin da nake kallo. Na ce masa a littattafan da nake koyarwa da su ana lissafa kara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa a cikin sharar gona. Ya yi dariya har da tari.

"Malam, ka dawo nan da bazara ka nemi damin sharar nan ka ji kuɗinsa. Akwai shekarar da buhun dusa ya kusa kamo buhun hatsi."

A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi ta nufi Difa. La'asar sakaliya muka shiga Zinder, duwatsun nan nata manya-manya, masu kama da an ɗora su da hannu, suna tsaye a tsakanin gidaje.

Abokina ya tare ni a tasha, muka hau kabu-kabu biyu, dala hamsin-hamsin, zuwa wani ƙaramin masauki da ya kama mini a kan jika takwas na sefa kwana ɗaya. Ɗakin fes, da fanka da gidan sauro. Famfon banɗaki kuwa ado ne. Yaron masaukin ya kawo mini jarka biyu ya ce in yi tattali, sai tsakar dare ruwa kan zo, in ya zo. Mu ma a Kano mun san 'yan garuwa, amma mai hali yakan haƙa burtsatse a gidansa ya huta. A nan garin yana zaune ne a kan dutse, don haka ruwan sha daga rijiyoyin da ke nesa da gari ake turo shi, kuma ba ya isa. Na ga mata da yara da amalanken shanu jere da jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo ɗaya tun kafin magariba. Daren nan dambun zogale na ci a gidan abokina, da mai da yaji da albasa, aka bi da fura mai tsami da ta fi tamu kauri. Da safe kuwa dogon burodin nan nasu mai ɓawo da shayi.

Kafin mu je majema ya zaga da ni Birni: fadar Sarkin Damagaram, guntayen ganuwar da aka yi a zamanin Sarki Tanimu, da gidaje masu zanen ado a fuska. Faransawa sun kama garin a 1899, kuma shi ne babban birnin ƙasar har 1926 da aka mayar da mulki Yamai. Mutanen garin ba su manta ba, ko mai kabu-kabu zai gaya maka.

Tun kafin ka hango majema hancinka zai sanar da kai. Mun sami kawun nasa zaune a kan turmi yana kankare fatar akuya da wata wuƙa mai ƙota biyu. Muka durƙusa muka gaida shi. Ya dubi abokina, ya kira shi yadda suke kiran malamin boko a can, ya ce, "Mushe, wannan ne baƙon naka na Kano mai son ruwan wari?" Ya sa jikansa ya kawo mana tabarma, sannan ya bi da ni kwatarniya bayan kwatarniya. Ga ta toka, inda fata ke kwana har gashi ya saki. Ga wadda ake zuba kashin kaji don fatar ta yi laushi. Ga ta bagaruwa, wadda aka daka 'ya'yan aka tsima, ruwan ya yi ja kamar shayin da ya daɗe a wuta. Daga nan sai mai, sai rini: ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Ni dai ina kallo ina lissafi a zuci cewa a cikin kwatarniyar kashin kajin nan bakteriya ne ke aiki, su ke fitar da sinadaran da ke cinye abin da ya riƙe zaren fata ya sa ta tauri.

A can gefe, kusa da katanga, na hango abin da na zo nema: wata tsohuwar kwatarniya da ruwanta ya yi yana, fumfuna baƙa da kore ta rufe samansa. Na tashi zan nufe ta, dattijon ya ce, "A'a Malam, wannan ya mutu. Zubarwa za a yi. In ruwan bagaruwa ya daɗe ya yi wannan gashin, ko ka sa fata wata guda ba za ta kama ba."

Na ce, "Baba, ai mataccen nake so."

Ya dubi abokina kamar mai tambayar ko lafiyata ƙalau. Sai na zauna na yi masa bayani yadda zan iya. Abin da ke cikin bagaruwa mai ɗaure baki, mai kama fata ya hana ta ruɓewa, sunansa tanin. Wani kaso nasa ƙananan guntaye ne da aka ɗaure da juna. Fumfunar nan tana fitar da wani sinadari mai yanke ɗaurin, guntayen su warwatse, shi ya sa ruwan ke rasa ƙarfi. Guntun da ke fita kuwa, galik asid, kaya ne da masana'antu ke saye da tsada. Da shi ake yin sinadarin da ake sa wa man girki don kada ya yi ɗoyi, da shi ake yin tawada da rini, kuma daga gare shi ana iya haɗa ɗaya daga cikin magunguna biyun da ke cikin ƙwayar Septrin. Tun 1786 wani masani ɗan Suwidin mai suna Scheele ya tsamo shi daga ruwan tsimin da ya bari ya yi fumfuna, a 1867 kuma wani Bafaranshe, Van Tieghem, ya nuna cewa fumfunar ce ke yin aikin. Yau yawancinsa daga Sin yake fitowa, daga wasu ƙulle-ƙulle da ke fitowa a jikin bishiya, sai kuma daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Feru mai suna tara, wadda su ma majeman can ke jima da ita. Wasu masana'antun da asid mai ƙarfi da zafi suke fasa tanin ɗin, wasu da fumfuna. Abin da nake so in auna shi ne nawa bagaruwarmu za ta bayar, da kuma ko fumfunar da ta saba zama a cikin ruwanta ta fi ta kwalba juriya.

Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To in haka ne, shekara da shekaru magani nake zubarwa a kwata." Ya hana jikansa taɓa kwatarniyar, ya tsaya a kaina har na cika kwalabe. Ya ƙi karɓar ko dala, sai goro da na riƙo masa daga Mariri.

Da dare abokina ya kai ni fadarsu. Can kowace unguwa samari da magidanta suna da wurin zama a ƙofar gida, da benci da butar shayi a kan gawayi, zagaye uku kafin a tashi. Akwai ɗalibai biyu na Jami'ar André Salifou a wurin, da wani direban tanka, da tela. Labarin mai sayen mataccen ruwa ya riga ni isa. Telan ya ce shi fa bai yarda a ci abin da ƙwayar cuta ta yi ba. Na tambaye shi ko matarsa tana sa farin magi a miya. Ya ce kullum. Na ce to tun 1956 da wani kamfanin Japan ya gano wata bakteriya a cikin ƙasa mai cin sukari tana fitar da sinadarin ɗanɗanon nan, kusan duk farin magin duniya a tanki ake yinsa, ana ciyar da ita ruwan rake ko sitacin rogo da masara. Tsamin da ke cikin lemon kwalba ma ba daga lemon tsami yake ba, baƙar fumfuna ce ke yinsa, dangin wadda na kwaso da rana, kuma an fi shekara ɗari ana haka. Daddawa da nono ba sai na faɗa ba. Ya ce daddawa daban ce. Aka yi ta dariya, bai dai sauka daga ra'ayinsa ba.

Ɗaya daga cikin ɗaliban, mai karatun kimiyyar sinadarai, ya fi kowa tambaya, kuma tambayoyinsa masu kyau ne. Shi abinci bai dame shi ba, roba da zare yake son ji. Na ba shi waɗanda suka tabbata. A lokacin yaƙin duniya na farko Chaim Weizmann ya yi wa Ingila sinadarin asiton, wanda ake buƙata wajen haɗa albarushi, daga sitacin masara da wata bakteriya. A jihar Nebraska ta Amurka tun 2002 ake mayar da sukarin masara ya zama asid ɗin nan mai sa nono tsami, sannan a ɗinke shi ya zama roba. A Tennessee tun 2006 wata bakteriyar hanji da aka sauya wa ƙwayoyin gado take yin sinadarin da ake saƙa zaren kafet da tufafi da shi. A Burazil kuwa tun 2010 kamfanin Braskem yake yin leda daga barasar rake, tan 200,000 a shekara lokacin da ya fara. Direban tankar ya ce duk wannan surutu ne, in ina son ganin masana'anta ta gaske gobe in bi hanyar Tanut.

Muka bi ta kuwa, a tsohuwar motar wani maƙwabcin abokina, mu muka zuba mai. Tafiyar kusan kilomita 50 ce arewa da gari, ƙasa tana ƙara fari, bishiya tana raguwa, sai ga hasumiyoyin matatar mai ta SORAZ da harshen wuta a sama. Ba mu nemi shiga ba, daga bakin hanya muka tsaya. An buɗe matatar a 2011, haɗin gwiwa tsakanin Nijar da kamfanin CNPC na Sin, tana iya tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuma ta bututu yake zuwa daga Agadem, tafiyar fiye da kilomita 400. Ni Bakano da na saba da layin gidan mai, sai da na ɗan ji kishi.

A nan, muna jingine da mota muna shan rake, na ƙarasa wa ɗalibin bayanin da dare ya katse. Wahalar tsiro ita ce ba abu ɗaya ba ne. Sukari da sitaci masu sauƙi ne, amma abincin mutane ne. Abin da ke sa kara da itace tauri, liginin, wanda ke kai kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na busasshen tsiro, shi ne ya fi kama da abin da ake samu a ɗanyen mai, amma in ka fasa shi sai ya ba ka tarkacen sinadarai iri-iri a gauraye, raba su kuma ya fi kuɗinsu tsada. Shi ya sa masana'antun takarda ƙona shi kawai suke yi. To akwai bakteriyar ƙasa, irin su Pseudomonas putida, da ke cin da yawa daga cikin tarkacen nan, kuma a cikin cikinta kowanne sai ta juya shi ta bi da shi hanya guda, kamar yadda burtali da yawa ke haɗuwa a bakin rijiya ɗaya. Masana sai su sauya mata wasu ƙwayoyin gado, su toshe hanyar daga gaba, abin ya taru a wuri ɗaya maimakon ta cinye shi. Abin da ke taruwa, mukonik asid, in aka ƙara masa haidurojin sai ya zama adifik asid, rabin kayan haɗin nailan ke nan, na igiya da zaren cikin taya da burushin goge baki. Draths da Frost sun nuna hanyar daga sukari a 1994, wani ɗakin binciken gwamnatin Amurka a Kolorado ya nuna ta daga liginin a 2015. A yanzu daga man fetur ake yin adifik asid, kuma aikin yana fitar da wata iska da ta fi hayaƙin gawayi ɗumama duniya fiye da sau 250.

Yaron idonsa ya yi haske. Ya ce ke nan da karan geron jihar Damagaram kaɗai sai a kafa wata matatar kusa da wannan. Abokina, wanda tun jiya yake sauraro bai ce uffan ba, ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Karan wa? Na tumakin babarka?" Ya lissafa masa: kara abincin dabba ne, danga ce, rufin ɗaki ne, makamashi ne, tokarsa kanwar miya ce, wanda ya rage a gona kuma shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe. Sannan ya juyo kaina ya tambayi ruwa nawa tankin da ake kiwon bakteriyar a ciki ke sha. Gaskiya ita ce yawancin abin da ke cikin tankin ruwa ne, ƙwayoyin ba sa jure sinadarin in ya yi kauri, sai ka tsamo kaɗan daga ruwa mai yawa, ga sanyaya tanki a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, ga wutar da ba a so ta ɗauke ko na awa ɗaya. Ko a inda ruwa da wuta suke a wadace abin bai zo da sauƙi ba. Kamfanin BioAmber ya buɗe babbar masana'anta a Kanada a 2015 yana yin wani asid daga sukarin masara, a 2018 ya durƙushe, don mai ya yi arha, na fetur ya fi nasa sauƙin kuɗi.

Ra'ayina, wanda na gaya musu a hanyar dawowa kuma har yanzu ina kansa, shi ne duk mai mafarkin yin nailan da karan gero a ƙasar Hausa bai taɓa sayen dami da bazara ba. Bagaruwa ce ke da hujja. Mutum ba ya cinta a matsayin abinci, bishiyar tana jure fari, mata da yara sun riga sun san tsinta da shanya ta, kuma abin da za a fitar daga cikinta kaɗan ne mai tsada, ba mai yawa mai arha ba. Ko ita ɗin ma sai an yi hattara, don ranar da wani mai kuɗi ya fara saye da tirela, majemi ne zai fara ji a jikinsa.

Ranar komowa na shiga kasuwar Dole na sayi bagaruwa tiya biyar daga hannun mata uku daban-daban, na rubuta garin da kowacce ta ce an kawo tata. Ɗaya ta tambaya ko na basir zan haɗa ko na wankin baki. Na ƙara da kilishi da dabino na yara, na sayi ƙanƙara na jera a kula.

A shingen farko bayan Takeita wani jandarma ya buɗe kular, ya zare murfin kwalba ɗaya kafin in hana shi. Ya ja da baya yana toshe hanci, fasinjoji suka fashe da dariya. Ya tambayi mene ne, na ce ruwan jima ne za a kai makaranta a gwada, na nuna masa katin aikina da takardar da abokina ya rubuta mini da Faransanci. Ya karanta ta har ƙarshe, ya ce kakansa ma majemi ne a wajen Magarya, ya rufe kular da kansa. Kwalbar da ya buɗe dai ta tashi daga aiki, don iskar hanya da hannunsa sun shiga ciki.

Bayan isha muka shigo Kano, ƙanƙarar ta narke tun a Kazaure. Washegari na shuka abin da ke cikin sauran kwalaben a faranti masu abincin da ba komai a cikinsa sai tanin, don duk abin da ya tsiro a kai ya zama mai iya cinsa ne. Fumfuna iri uku suka fito, baƙa ɗaya da kore biyu, kuma baƙar ce ta fi saurin share tanin ɗin da ke kewaye da ita. Ita muke ciyarwa da garin bagaruwar Damagaram yanzu, ɗalibaina suna auna galik asid ɗin da ke fita kowace safiya. Abokina ya kira ya ce kawunsa ya ware kwatarniya guda ya hana a zubar, yana tambaya yaushe za a aiko da jarka.